Kwallin Dada a Gaban Na'ura

Gwaram, kwana tara bayan Babbar Sallah

Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki. Mu nan lafiya, ban da gwiwa, da kunnen hagu da ya tafi ya bar ni. Ruwa ya sauka, gero ya yi kyau. Ɗana Barau yana nan yadda kika san shi, shi da awakinsa. Gaisuwa ta ƙare.

Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan bokon yaƙi da jahilci, don kada wani ya rage mini magana. Waya kin san ba na jin ta. Ɗanbala direba zai miƙa miki, tunda yana kai hatsi Kaduna.

Me na yi miki? Ina tambayarki. Kakanki ƙanen mijina ne, Allah ya ji ƙansu su duka. Ni na yanke cibiyar uwarki, na yanke taki, na yanke ta ƙanwarki Zulaiha. Shekara arba'in da shida ina ungozoma. Yau ni za a yi wa sata a ɓoye a kai wa injin wurin aikinki?

Da Khuzaima 'yar Zulaiha ta kama jijjiga aka kai ta asibiti Birnin Kudu, wa ya kwana uku a kan tabarma a gindin gadon? Ke ce? Sista Rose, nas ɗin asibitin, ta ɗebi jininta ta aika Kano, aka ce wai dalma ce a jinin. Na ce Allah ya sawwaƙe. Yarinya 'yar shekara ɗaya da rabi, ina ta ga dalma? Mu ba haƙar zinariya muke yi ba. Ashe ina barin Kangire, garin da Zulaiha take aure, sai ta ɗauki tsinken kwallin da na manta a ɗakinta, ta kankare shi a takarda ta aiko miki. Ba ta gaya mini ba. A bakin surukarta na ji, ita ma ba ni take gaya wa ba, wata take gaya wa da ƙarfi don kunnena mai kyau ya ɗauka.

Yanzu matan Kangire suna cewa baƙin batir nake haɗawa a kwallina. Maganar ta biyo mota har Gwaram. Haihuwa biyu aka yi a unguwarmu makon nan, ba a kira ni ba. Ɗaya ma katanga ce tsakaninmu, ina jin kukan jaririn.

Dutsen nan na uwata ne, hannun fatake ta saya tun ban yi wayo ba. Ni nake ɓantara, ni nake niƙawa, ni nake zubawa a tandu. Ba na sayen na gwangwani na kasuwa. Ke kanki da shi aka buɗe miki idon da kike leƙa injin da shi.

Kuma abin da ya maƙale a tsinke, ko ƙuda ba zai ƙoshi da shi ba. Me za ki gani a ciki? To tunda kin fara sai ki gama. Ki rubuto mini, akwai batir ko babu. Da manyan baƙaƙe, don zan karanta a tsakar gidan surukar nan. Ki yi sauri, cikin Zulaiha ya tsufa, ba zan yarda wata ta karɓi haihuwar ba.

Ni ce Mairama, Dadarki, in har yanzu kina kira na haka.

*

Kaduna, 14 ga Yuli

Dada,

Wa'alaikumus salam. Ina kwana, ina gajiya, yaya gwiwa, yaya damina? A gaida Kawu Barau, a ce masa ban manta da alkawarin takalmin ruwa ba. Mu ma duk lafiya.

Dada, ki yi haƙuri. Zulaiha ba ta da laifi, ni na sa ta. Kuma ba kwallinki kaɗai na nema ba. Duk abin da Khuzaima take taɓawa na ce a aiko: ɓawon fentin ƙofa, ƙasar tsakar gida, ɗan kankaron tukunyar kununta, da garin maganin da surukar take jiƙa mata. Gwajin duwatsu shi ne aikina a nan, ba zan zauna 'yar ƙanwata tana kwance ba.

Kin tambayi me zan gani a abu ɗan mitsitsi. Na'urarmu ba ta son da yawa. Tana aiki da irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, sai dai an matse shi ya zama siriri kamar gashin kai. Na sa abin da aka kankaro ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, na zaɓi ƙwaya ɗaya. In kika raba ƙwayar riɗi gida ashirin, to kashi ɗaya ma ya fi ta. Na manna ta a tsinin zaren gilas, na saita hasken a kanta tana juyawa a hankali. Kowane dutse akwai jeri a cikinsa, kamar yadda magini yake jera tubali, kowa da irin jerinsa. In hasken ya bugi jerin sai ya watse, ya sauka a kan faranti, ya bar zobba da ɗige-ɗige. Wannan zanen nake gwadawa da kundin zanen duwatsun duniya, kamar yadda kike kallon tsagen fuskar baƙo ki faɗi garinsu.

Ƙwaya bakwai na gwada, ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce na dace ne. Duk zane ɗaya suka ba ni. BABU BAƘIN BATIR. Babu gawayi, babu toka, ba a haɗa shi da komai ba. Asalin dutse ne, a kundinmu sunansa galena. Sauran abubuwan da aka aiko ban ga abin tsoro a cikinsu ba.

Sai dai Dada, masana suna da wata magana a kan wannan dutse game da ƙananan yara. Magana ce mai nauyi, ba ta dace a ce jikarki ta rubuta miki ita a takarda ba. Da za ki ɗan ajiye tandun a gefe har in sami hutu in zo mu zauna, da na ji daɗi ƙwarai. Allah ya ƙara girma, ya bar mana ke.

Jikarki,
Bara'atu

*

Gwaram, ranar kasuwa

Bara'atu,

Sallama. Lafiya lau. Gwiwar ma ta yi sauƙi don na sami abin da ya fi magani.

To! Ai na faɗa. Takardarki na isowa ban ko ci tuwo ba na hau mota. Na shiga gidan surukar Zulaiha na sa aka kira matan maƙwabta, na tsaya na karanta. Wurin manyan baƙaƙen nan sau uku na karanta. Na ce kun ji, inji ma ya leƙa ƙwaya bakwai ya ce asali ne, ina mai maganar batir, ta fito. Surukar ta ce, "Haba Dada, ai mu dama ba mu ce ba." Na ce ba ke kika ce ba, bakinki ne ya ce, ki tambaye shi.

Kwana biyu da zuwana Zulaiha ta sauka. Namiji, ƙato, ni na karɓa. An sa masa Sabo. Tun ranar farko na sa masa kwalli, safe da yamma, na ja masa gira, har suna. Ki ga ido kamar na maraƙi. Khuzaima ma na ci gaba da sa mata, don ciwon nan ya sa idonta ya faɗa. Da zan taho na ƙulla wa surukar nata a leda ta ci gaba. Zulaiha ta ɗan yi wani motsi da baki kamar za ta yi magana, na ce mai jego ki sha kununki.

Batun in ajiye tandu har ki zo. Don me? Ke kika ce babu komai a ciki sai dutse. Masanan naki in suna da magana su zo Gwaram su faɗa. Ni na san irin wannan, ɗan boko in an kayar da shi ba ya cewa na faɗi, sai ya ce akwai sauran magana. Shekara nawa rabonki da gida kina cewa sai kin sami hutu? In jira ki, jariri ya yi arba'in da ido tsirara kamar ɗan da ba shi da kowa?

A nan ma na karanta wa matan unguwa. An kira ni haihuwa uku tun daga nan. Ban gode miki ba tukuna, don ke kika ɓata, ke kika gyara, mun yi daidai.

Barau ya ce takalmin lamba arba'in da uku. Ni na duba masa, kin san shi da lamba.

Mairama

*

Kaduna, 21 ga Agusta

Dada,

Ina gaisuwa. Ba ni da lafiya tun da na karanta takardarki. Kwana goma sha tara ta yi a aljihun motar Ɗanbala, wai injin motar ya buga a Wudil. Jiya ta shigo hannuna.

Yau zan ajiye kunya, ki yi mini duk abin da za ki yi.

DUTSEN NAN SHI NE DALMAR. Galena dutsen dalma ne, daga jikinsa ake narko ta. In aka raba nauyinsa gida goma, fiye da takwas dalma ce. Da batir kika haɗa da ma abin ya fi sauƙi, don da sai a cire batir a huta. Ba abin da za a cire. Iyakar kyawunsa, iyakar gubarsa. Ƙyallin nan da kike alfahari da shi, shi ne ita.

Ba ido yake ci ba, shi ya sa ba ki taɓa gani ba. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Hawaye yana wanke shi ya bi ta hanci ya sauka maƙogwaro. Babba jikinsa yana ɗaukar kaɗan, jariri kuwa cikinsa zuƙewa yake yi, ta wuce jini, ta hau ƙwaƙwalwa. Wani ya yi jijjiga kamar Khuzaima. Wani ba a ganin komai, sai ya girma a ga ba ya riƙe karatu, ba ya riƙe lissafi, a ce haka Allah ya yi shi. Na duba ƙofa, na duba ƙasa, na duba tukunya, na duba magani. A tsinkenki kaɗai na same ta.

Na gaya wa Zulaiha haka a waya tun ranar da na gama gwaji, ta ce to. Kullum na kira ta ce lafiya lau. Jiya da na matsa mata ta fashe da kuka. Ta ce ta yaya za ta buɗe baki, ga ki, ga surukarta, ga takardata a hannunki ana karantawa kamar wa'azi. Mijinta Jafaru kuma ya ce shi ba ya shiga harkar mata.

Na ce ki ajiye tandu, Dada! Rubuce yake! Kika karanta layi ɗaya sau uku, kika tsallake wanda bai yi miki daɗi ba. Sabo yau kwanansa talatin da wani abu ana ɗura masa.

A daina yau. A wanke musu ido da ruwa mai tsabta. A karɓe ledar nan. A kai su biyun wurin Sista Rose a auna jini. Kada ki jefa dutsen a rijiya ko a rafi, kada ki sa shi a wuta. In kin ga dama kada ki ƙara kira na jikarki.

Bara'atu

*

Gwaram, Asabar

Bara'atu,

Sallama. Muna nan da rai.

Ke mahaukaciya ce? Kin san wannan tun watan jiya kika naɗe mini shi cikin "Allah ya ƙara girma"? Wane girma? Girman da za a ƙara mini da ƙwaƙwalwar ɗan ƙanwarki? Kika rubuta batir da manyan baƙaƙe, guba kuma kika rubuta "wata magana". Ni na yi miki kama da mai gane wata magana? Aji biyu na yi a gindin bishiya. In wuta ta kama zanina, sai ki ce Dada da za ki ɗan duba bayanki in kin sami hutu? Injinki ya fi ki hankali, shi da aka tambaye shi ya faɗi abin da ya gani.

Na tsallake layin, gaskiya ne. Wannan nawa ne, na ɗauka. Ke ma ki ɗauki naki.

Ga abin da na yi. Litinin takardar ta zo, Litinin na isa Kangire. Na sa aka kira matan nan, su ɗin dai, ban bar ko ɗaya ba. Na tsaya inda na tsaya wancan karon na karanta wannan ɗin, tun daga sama har ƙasa, har wurin da kika yi mini tsawa. Surukar ta ce, "Ikon Allah, ashe gara batir ɗin." Aka yi dariya. Na ce ki yi dariyarki ki gama ki ɗauko mini ledata. Ta ce ai ita tun tana yarinya take sawa ga ta nan garau. Na ce garau ɗin ne ya sa kike neman carbi yana wuyanki. Ta ɗauko.

Jafaru na same shi a gona. Na ce tashi ka kai 'ya'yanka asibiti, harkar matan ta zo kan ɗanka namiji. Nan take ya tada babur.

Sista Rose ba ta zage ni ba, da ta zaga da na fi jin daɗi. Cewa ta yi, "Mama, a garinmu ma kakata tana sawa." Sakamako ya dawo jiya. Na Khuzaima ya ƙaru, za a kai ta Kano a ba ta maganin da ke fitar da abin. Na Sabo ya hau amma bai kai nata ba, an ce a sa ido a sake aunawa.

A Gwaram na zauna na tuno yaran da na karɓa cikin shekara uku. Gida goma sha huɗu, kowanne na ƙulla wa uwar kwalli kyauta. Da gwiwar nan na bi su. Goma sha ɗaya sun ba ni. Biyu sun ce ya ƙare. Ɗaya ta ce ba za ta bayar ba, wai jiya na ce mai kyau ne yau na ce guba, gobe me zan ce. Zan koma.

Ga dutsen nan na ba Ɗanbala, da dutsen niƙan, da tandu, da ledoji, cikin gwangwanin madara na ɗaure da waya. Ki yi abin da ake yi da shi.

Yanzu tambaya ɗaya. Tara na haifa. Huɗu na farko ba wanda ya kai yaye, biyu cikinsu jijjiga ce ta ɗauke su. Shi ya sa da na biyar ya zo aka ce masa Barau. Don tsoron bakin mutane sau uku nake sa masa a rana, na fi sa masa fiye da kowa. Yau shekararsa hamsin da ɗaya, bai iya ƙirga awakinsa ba, da kamanni yake gane su. Kin ce wani sai ya girma a ce haka Allah ya yi shi. Ni ce? In kika fara mini da yaya gwiwa zan yaga takardar.

Mairama

*

Kaduna, 2 ga Satumba

Dada,

Ban sani ba. Na'urar tana faɗin abin da ke cikin ƙwaya, ba ta faɗin abin da ya faru shekara hamsin baya. Jijjigar yara a lokacin tana da iyaye da yawa, zazzaɓin sauro ma yana kawo ta, sanƙarau ma. Ba wanda zai iya rantse miki cewa dutsen ne. Ba kuma wanda zai iya rantse miki cewa ba shi ba ne. Game da Kawu Barau, in kika ce in faɗi inda zuciyata ta fi karkata, tana yiwuwa ƙwarai da hannun dutsen a ciki.

Gwangwani ya iso. Na ɗauki hutu, Alhamis zan sami Zulaiha a Kano, daga nan in zo Gwaram mu koma gidan matar nan tare.

Bara'atu

*

Gwaram, Lahadi

Bara'atu,

Na gani. Haka ake rubuta takarda.

Ki taho da hoton zobban nan, matar ta ce sai ta gani da idonta. Ki taho da takalmin. An yi haihuwa jiya a bayan masallaci, an kira ni, na je, na wanke, na naɗe, na miƙa shi da ido tsirara. Kakar ta ce ina kwalli. Na ce ki zauna in karanta miki takarda.

Kin san duk Juma'a kafin masallaci ni nake sa wa Barau, bai taɓa iya riƙe tsinke ba. Shekaranjiya ya yi wanka ya sa rigarsa, ya zo ya durƙusa a gabana ya ɗaga fuska yana jira. Na ce tashi, ya ƙare. Ya ce a niƙa wani. Na ce dutsen ma ya ƙare. Ya ce, "To Dada da me zan je masallaci?" Na ce da idonka.

Ya tafi. Har ya kai zaure yana waiwaye ko zan kira shi.

Kada ki makara Alhamis.

Dadarki